Kishi Biyu, Suna Ɗaya

Ku da kuke bina a wannan shafin, na ga saƙonninku. Wata baiwar Allah ta rubuto ta ce, "Chundung, ki ƙara haƙuri, naki yana tafe." Na gode, 'yar'uwa. Amma da haƙuri yana kawo miji, da tuni Mama ta gaji da aurar da ni. Yau ba yabo nake nema ba, don haka wadda ta shigo da niyyar tausaya mini ta ɗan dakata har ta kai ƙarshe.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: iyayena mutanen Filato ne, amma a Dutse na buɗe ido. Ina aiki a sakatariya, ina zaune da Mama a Yalwawa, gidan haya mai ɗaki biyu da falo. Babanmu ya daɗe da rasuwa. A cocinmu ni ce nake ba da waƙa sauran mawaƙa suna amshi, tun ina 'yar sakandare. Mai kiɗa mana kibod kuwa shi ne Choji, mai shagon kayan sola a Takur. Shekara da shekaru shi yake sauke ni a ƙofar gida a kan mashin ɗinsa in mun tashi daga koyon waƙa. Ya ci gwaten Mama har ya san ranar da ta rage yakuwa. Kullum in ya isa gida sai ya turo, "Sista, kin shiga lafiya?" Ni kuma da ilimina da komai, sai na ɗauki wannan tambayar na gina mata ɗaki, na sa labule. Ba ni kaɗai ba ce na yi wautar. Matan zumunta na cocinmu har amaryar kibod suke ce mini, Mama kuwa ta fara tara tukwane a ƙarƙashin gado.

Sai ga Beauty, 'yar ƙanwar Mama, an turo ta daga ƙauye ta koyi ɗinki. Ni na je tasha na ɗauko ta, da jakar leda da silifas ɗin da ƙusa ke riƙe da shi. Ni na kai ta cikin mawaƙa. Ranar da ta fara buɗe baki, na ga hannun Choji ya tsaya a kan kibod. Ban taɓa ganin hannun nan ya tsaya don ni ba.

Ba a jima ba aka ba ta makirfo, ni aka ce in koma layin baya saboda muryata tana riƙe amshi da kyau. Ba a jima ba kuma Choji ya turo manya. Ranar ina cikin kicin ina soya musu nama, na ji sunan da suka ambata ta taga.

To, ga abin da ya kamata ku sani game da cocinmu. In za a yi aure, sai an karanta sanarwa Lahadi uku a jere, kowace rana magatakarda ya ce duk wanda ya san wani dalili da zai hana auren ya sami dattawa, ko ya miƙe ya faɗa. Akwai kuma benci ɗaya can baya kusa da ƙofa, wanda rana take dukansa tun daga tsakiyar sujada. Bencin horo ake ce masa. Wanda aka samu da laifi nan yake zama har dattawa su ce ya isa. Ba ya waƙa, ba ya cin Jibin Ubangiji, ba a ɗaura masa aure a coci. Tun ina yarinya na lura mata ne suka fi ɗumama bencin nan, kamar su kaɗai suke yin cikin da ake hukunta su a kansa. Na taɓa tambayar Mama dalili, ta ce in rufe mata baki.

Ni kuwa na san dalilin da zai kai Beauty bencin. A ƙauye akwai wata 'yar yarinya a hannun Kakarmu, sunanta Kaneng. Duniya ta san ta a matsayin autar su Beauty. Mu a gida mun san wadda ta haife ta. Choji bai sani ba.

An riga an karanta sanarwa sau biyu. Asabar ɗin da ta wuce, jajibirin ta ƙarshe, da la'asar na dawo daga kasuwa na tarar falonmu ya cika da atamfa. Anko ne, ruwan zuma da ɗigon kore, an shimfiɗa shi a kan kujeru har an rufe 'yan lesukan da Mama take yafa musu. Fanka tana juyawa tana ɗaga gefen zannuwan. Beauty tana durƙushe a kan leda, tef a wuya, allurai a baki, ta ɗaure kitsonta da tsohon ɗankwalina.

"Yaya, zo in auna ki," ta ce, ta tofar da alluran a tafin hannu. "Naki daban zan yi. Hannu mai faɗi, irin wanda kike so."

"Me ya sa nawa zai zama daban?"

"Haba Yaya. Wa zai tsaya mini in ba ke ba? Ke ce babbar ƙawa."

Na ɗaga hannuwa ta zagaya ƙuguna da tef. Kanta yana daidai ƙirjina, ina jin ƙanshin man da na saya mata. Wayarta tana kan hannun kujera, sai ta yi haske. Ban so karantawa ba. Ƙarya nake, na so. Saƙon Choji ne: "Kin ci abinci? Kar ki zauna kan keke har bayanki ya ƙage." Ni dai shekarun nan duka ba a taɓa tambayata bayana ba.

"Kin rame fa, Yaya," ta ce tana duba tef.

"Azumi nake."

"Na me?"

"Na aurenki mana."

Ta rungume ni. Allah ya sani, ta rungume ni da gaske.

Na sami Mama a kicin tana tsince acca, tabarau a kan hanci. Na ja ƙofar na jingina da ita.

"Mama, yaushe za a faɗa wa Choji?"

Ba ta ɗago ba. "A faɗa masa me?"

"Kin san abin da nake nufi."

"In sun zauna, ta haifa masa ɗaya ko biyu, zuciyarsa ta yi laushi, sai a san yadda za a yi. Haka aka saba. Rufin asiri ba ƙarya ba ne."

"To mene ne? Ƙanwar ƙarya? Mutum zai tsaya gaban bagade a coci ya yi alkawari a kan abin da bai sani ba, mu kuma muna bayansa da anko muna guɗa?"

Sai a lokacin ta ajiye faifan. "Chundung. Dube ni. Gaskiya ce take cin ki, ko Choji?"

"Gaskiya."

"To ki koyi tawali'u. Mace mai tawali'u ba ta tona gidansu."

Ku ji fa. Duk lokacin da ake so mace ta haɗiye wani abu, sai a naɗe shi a cikin tawali'u a miƙa mata. An ƙwace makirfo, tawali'u. An ɗauke saurayi, tawali'u. Yanzu kuma in taya yaudara, shi ma tawali'u. Ban taɓa jin an kira Choji gefe an ce ya yi tawali'u ya nemi gafarar shekarun da ya sa ni ina hawa bayan mashin ɗinsa gari yana kallo ba. Har yanzu da nake rubuta muku wannan, ban yarda Mama tana da gaskiya ba. Wannan shi ne abin da ya sa maganar ta yi mini sauƙi. Hujjata mai kyau ce, tsaf da ita kamar rigar mawaƙa da aka goge.

Na shiga ɗaki na ɗauki waya. Na nemo lambar Baba Lazarus, shugaban dattawan coci. Na rubuta, na goge, na sake rubutawa: "Baba, barka da yamma. Akwai maganar da ta shafi tsarkin gidan Ubangiji, ina so in gan ka gobe kafin sujada." Na tura. Kafin in ajiye wayar amsa ta shigo: "To 'yata. Ki same ni a ofis."

Daga falo ina jin keken ɗinki yana tafiya, Beauty tana rera waƙar da za mu yi gobe ƙasa-ƙasa. Rigata take ɗinkawa.

Da safe na sa farar rigar mawaƙa da shuɗin siket, na ɗaura ɗankwali ba ko kwalli. Na so in yi kama da mai baƙin ciki saboda Allah. Na riga su fita, na ce akwai kujerun da zan jera.

Baba Lazarus tsohon malamin dabbobi ne, ɗan ƙasar nan, Hausa ce harshen da ya sha a nono. Idonsa ɗaya ya fara fari. Na same shi a ɗan ofishin da ke jikin coci yana shan kunun tsamiya a kofin roba, hularsa a kan gwiwa. Na durƙusa na gaishe shi.

"Tashi, tashi, ga kujera. Jiya na nuna wa Mamanku, matata, saƙonki a gida, na ce kin ga yarinyar nan, tun tana ƙarama take da kishi. Ruwa ko rana, tana nan. Ko da aka karɓe makirfo daga hannunta ba ta daina zuwa ba. Kishi dai, Chundung tana da shi."

Na sunkuyar da kai irin na mai jin kunyar yabo. "Aikin Ubangiji ne, Baba."

Ya kurɓi kununsa. Daga cikin coci ina jin ƙarar masu jera ganguna.

"Kin san Hausa ta yi mana rowa a wuri ɗaya," ya ce. "Wanda ya ga ana wulaƙanta gidan Allah zuciyarsa ta tafasa, mu ce yana da kishi. Wanda ya ga ɗan'uwansa ya samu zuciyarsa ta tafasa, shi ma mu ce yana da kishi. Suna ɗaya, zafi ɗaya, a ƙirji ɗaya. Ni da tsufana, akwai ranar da na zaunar da mutum a bencin can na dawo gida ina tambayar kaina wanne ne a cikinsu ya yi magana da bakina. Har yau ban tabbata ba."

"Baba, abin da zan faɗa gaskiya ne."

"Ban ce ƙarya ba ce. Shaiɗan ma ba kullum yake wahalar da kansa da ƙarya ba, in ya sami gaskiya mai kaifi ta ishe shi. Ban hana ki ba, 'yata, aikina ne in saurara. In kin faɗa kuma ba zan iya mayar miki da ita ba, dole in kai gaban dattawa. Amma kafin nan in tambaye ki abu ɗaya. Na san maganar ba ta wuce auren da za a sanar yau. To a ce kin faɗa. A ce an bincika, an yi horo, an tuba, an gyara. Sannan yaron ya ce shi duk da haka yana son ta, aka dawo aka ɗaura auren, ya fi na da ƙarfi. Ranar za ki yi murna?"

Na buɗe baki in ce e. Kalma ce ƙarama, na faɗe ta sau dubu a coci ba tare da na yi tunani ba. Amma sai na gan su a idona, Choji ya saɓa Kaneng a kafaɗa, Beauty tana gefensa, ba sauran abin ɓoyewa. Ashe ba gyara nake so ba. So nake ya rushe, in ga makirfo ya dawo hannuna, in ji mashin ya sake tsayawa a ƙofarmu.

Baba yana kallona da idonsa mai gani. Bai yi murmushi ba, kuma na gode masa da bai yi ba.

"Ba zan yi murna ba, Baba," na ce.

"To kin fi mutane da yawa, tunda kin sani. Hikimar da take ta Allah ba ta jin daɗin faɗuwar kowa. In ta yanka, tana kuka tana yankawa, kamar mai cire ƙaya a ƙafar ɗansa. In akwai wanda ake zalunta da shiru, ban ce ki yi shiru ba. Amma mai maganar za ki fara samu, ke da ita, ki riƙe hannunta ta faɗa da bakinta. In ta ƙi, ki dawo. Ƙofar nan ba ta da sakata."

Na share fuskata na tashi. Ban ambaci sunan Kaneng ba. Ina so ku riƙe wannan, don shi kaɗai ne abin kirkin da na yi ranar.

Ina fitowa daga ofishin, sai ga Beauty tsaye a bakin famfo, ta zo wanke hannu. Ta dubi ƙofar da na fito, ta dubi idanuna da suka yi ja. Ruwa yana zuba a kan takalminta ba ta ma sani ba.

"Yaya," ta ce, muryarta kamar ba tata ba. "Me kika je yi wurin Baba?"

Amsar tana bakina. "Ban faɗa ba, Beauty, kwantar da hankalinki, bayan sujada za mu zauna." Abin da ya rage mini ke nan. Amma na ga tsoro a fuskarta, tsoron da ya tsufar da ita a tsaye, kuma masu karatu, ya yi mini daɗi. Na ce a raina, ai na riga na yafe, na bar mata miji, na bar mata makirfo. Ta ɗan ɗanɗana na awa biyu mana, ta ji yadda ƙirji yake yi. In an tashi sai in faɗa mata, ta san darajar abin da na yi.

"Maganar coci ce," na ce. Na gyara ɗankwalina na wuce.

Ta ba da waƙar farko, muryarta tana rawa, mu muna amshi. Sau biyu ta waiwayo tana neman idona, ni kuwa na kafa nawa a kan silin kamar wadda Ruhu ya ɗauke. Fasto ya yi wa'azi a kan masu neman kujerar gaba, mata suna ta cewa amin. Ni ma na ce, da ƙarfi.

Sai magatakarda ya hau da takardarsa. Ya karanta ranar taron matasa, ya karanta gudummawar rufin ɗakin yara. Sannan ya gyara murya ya ambaci sunan Choji da na Beauty, ya ce wannan ce sanarwa ta uku kuma ta ƙarshe. Choji yana zaune a bayan kibod cikin farar shadda, yana murmushi yana kallon yatsunsa.

"In akwai wanda ya san wani dalili, ya miƙe."

Kullum a nan ana yin ɗan shiru, sannan wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Na ga Mama ta riga ta kai hannu hanci. Daidai lokacin Baba Lazarus, can a layin dattawa, ya yunƙura. Daga baya na gane sandarsa ce ta zame yake son ɗauka. Beauty ba ta ga sandar ba. Yunƙurin kawai ta gani.

Ta miƙe. Makirfo yana hannunta, a kunne.

"Kar ka wahalar da kanka, Baba," ta ce. "Gara ku ji daga bakina."

"Beauty, zauna!" Na ji muryata ta fita, amma ta makara, kuma lasifika ta fi ni ƙarfi.

"Ina da 'ya. Sunanta Kaneng, tana hannun Kakata. Ba ƙanwata ba ce, ni na haife ta. Choji bai sani ba. Na so in faɗa masa, aka ce in bari, ni ma na ji tsoro na bari. Ku yafe mini."

Ba a yi ihu ba. Da an yi da ya fi. Wani jariri ya yi tari. Hannun Choji ya sauka a kan kibod ba da niyya ba, sauti ɗaya ya fita dogo, mummuna, har wani ya miƙa hannu ya kashe. Mama ta zame daga kujera, matan zumunta suka tare ta. Baba Lazarus ya juyo ya dube ni, sandarsa a hannu, kuma a fuskarsa na ga ya gane abin da ya faru tsakanin ƙofarsa da famfo.

Ba wanda ya ce wa Beauty ta tafi. Da kanta ta juyo, ta tako har layin baya inda nake, ta kamo hannuna ta sa mini makirfon a ciki, ta naɗe yatsuna a kansa.

"Ga shi, Yaya. Dama naki ne."

Ta sauka, ta bi tsakiyar coci, mutane suna janye ƙafafunsu, har ta kai bencin horo ta zauna cikin rana.

Fasto ya rasa abin yi, ya ce mawaƙa su ba mu waƙa. Duk suka juyo gare ni. Shugabar mawaƙa ta raɗa mini, "Chundung, taimaka, ke ce mai kishin aikin nan." Makirfon yana da ɗumi, ɗumin hannunta ne. Abin da na yi ta roƙo ke nan a ɓoye, kuma ga shi an ba ni a gaban kowa.

Na ajiye shi a kan kujera. Na sauka. Hanyar nan daga dandamali zuwa ƙofa na bi ta tun ina rarrafe, ban taɓa sanin tana da tsawo haka ba. Na ji wata tana cewa, "Allah sarki, dubi tawali'u." Na so in tsaya in mare ta.

Na zauna a kan bencin. Katakon ya ƙona ni ta cikin siket. Beauty ba ta dube ni ba.

"Ban faɗa masa ba," na ce. "Ban faɗa wa kowa ba."

Ta juyo a hankali, idanunta a bushe.

"A bakin famfo kin san haka?"

"Na sani."

Ta gyaɗa kai, ta tattare siket ɗinta don kada ya taɓa nawa.

"Ki tashi, Yaya. Nan wurin masu laifi ne."

"Shi ya sa na zo."

Ba ta matsa kusa ba. Can gaba na ga Choji ya miƙe daga bayan kibod, ya zaro makullin mashin daga aljihu. Ƙofar fita ɗaya ce a cocinmu, kuma bencinmu yana bakinta. Ya taho, kowa yana binsa da ido, ni kuwa a karo na farko tun da na san shi na runtse ido ina roƙon Allah kada ya zama gabana zai tsaya.